Kwamfutar da muka je saye Funtua

Mun bar gida ana sallame sallar asuba, ni da abokin marigayi ɗana. Babur ya kai mu Malumfashi, muka sha koko da ƙosai a tasha, sannan muka shiga motar Funtua. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, direba kuma ya haɗa mu da buhun barkono biyu. Atishawa muka yi ta yi har Bakori.

Wata biyar ke nan da rasuwar yaron. Aikinsa zanen gini a kwamfuta, irin wanda ake juya gida a ga gabansa da bayansa tun ba a haƙa tushe ba. Ya bar zanen gidan da ya yi wa mahaifiyarsa alkawari, tsohuwar laftof ɗinsa kuwa da an buɗe zanen sai ta yi zafi ta mutu. Uwar ta ce tana so ta ga gidan ko da a hoto ne. Na sayar da masara, muka kama hanya.

Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama hira da shi ba, haka na ga iyayena sun yi. Shi kuwa abokin nan tun daga tasha yake ambaton sunan kamar nasa ne. Ya nuna mini mai shayin da suke tsayawa wurinsa. Ya ba ni labarin yadda yaron ke kwaikwayon muryar 'yan kamasho har su kansu su yi dariya. Ban san yana da barkwanci ba. Na juya ina kallon gonaki, an girbe masara, dawa ta sunkuya. Allah ya sani raina bai yi daɗi ba.

Funtua cike take da manyan motocin hatsi. Shagon kwamfutar da muka nufa yana kan bene, mai shi wani Alhaji ne mai fara'a da ke kawo kaya daga Kano. Ina shiga idona ya faɗa kan wata laftof siririya, launin azurfa. Irinta yaron ya taɓa nuna wa ƙannensa a waya ina wucewa. Abu ɗaya ke nan da na sani game da burinsa, sai na ce ita za a ɗauka.

"Baba, wannan ta ofis ce," in ji abokin. "Kyau kawai gare ta. Shi ta tebur yake so."

Ya yi mini bayani a hankali. Aikin zane yana son abin da suke kira girafik kad, shi ke ɗaukar nauyin hoto, kuma sai mai ma'ajiyar kansa. Yana son ram mai yawa, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita, kada a yi ƙasa da giga talatin da biyu. Yana son akwati mai fanka babba saboda zafin ƙasarmu. Gara ta hannu mai ƙarfi da sabuwa mai rauni. Kowace magana sai ya rufe ta da "haka ya ce", yana nufin marigayi.

Na ce, "Ni na haife shi ko kai?"

Alhajin ya ce, "Malam, kada a yi musu. Ku kawo zanen, kowace ta faɗi gaskiyarta."

Abokin ya zaro filashin da zanen ke ciki, aka sa shi a siririyar. Ta buɗe, ta nuna rabin katanga, ta tsaya cak, fankarta na kuka. Aka mayar da shi wata baƙar kwamfutar tebur mai ƙujewa a gefe, wadda da a hanya na gan ta ba zan waiwaya ba. Nan take gida ya fito, da zaure da rumfa da inuwar bishiya a tsakar gida. Abokin ya juya shi, ya shiga ciki da mu.

"Nan ɗakinka ne, Baba. Ya ce a yi maka taga biyu saboda tarin da kake yi cikin damina."

Ban san ya lura ba. Na so ƙwarai a ce daga bakinsa na ji. Na nemi kujera na zauna, Alhajin ya miƙo mini ruwa.

Baƙar muka saya, da allo, da na'urar da ke tare ta idan wuta ta yi wasa. Muka ci waina da miyar taushe kusa da tasha. A mota ni na rungume akwatin a cinyata, na hana a sa shi a but.

Mun isa gida bayan la'asar. Uwar ta ga gidanta, ta daɗe tana kallo, ta yi addu'a ta tashi. Abokin ya ce zai tafi da kwamfutar Malumfashi ya ƙarasa aikin, can wuta ta fi zama. Na ce a ɗakin marigayi za ta zauna, zan sa sola.

"Baba, ai sai na riƙa zuwa kullum."

Na ce na sani.

Tafiyar ta koya mini cewa ba a zaɓen kwamfuta da ido, a tafi da aikin a gwada a gaban mai shago. Kishin kuwa bai bar ni ba. Akwai shekarun ɗana da ke hannun wani, kuma ba a shago zan same su ba. Yanzu yakan zo da hantsi ya kunna akwatin, ni kuma in shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa in yi ta tambaya.