Mintocin da Umaru Bai Taɓa Yi Ba

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne Umaru bakanike a Bodinga, kuma har yau ban gama fushi da shi ba. Aminina ne tun muna yara, shagon ɗinkina na kallon garejinsa. Allah Ya jiƙansa, amma yau ba yabonsa na zo yi ba. Masu yabon sun yi yawa, kuma su ne matsalar.

Umaru ya san injin mai turbo, wato na'urar da ke ƙara wa injin mota ƙarfi, kamar yunwar cikinsa. A jikin turbo akwai wani ɗan bawul da ke buɗewa ya rage ƙarfi idan injin ya matsu. Shi ne ya fara ɗaure wannan bawul da waya a garinmu, don kada ya buɗe. Mota sai ta riƙa fito tana cin kwalta, alhali birkinta da tayoyinta tsofaffin nan ne na jiya. Direbobin Shagari suka ji, su ma suka ɗaure nasu, aka shiga gasa: wa zai fi saurin zuwa daga tasharmu zuwa tasu?

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ni ne mai riƙe agogo. Nakan rufe shago in zauna gaban motar hayar da Umaru ke ja ina ƙirga masa mintoci, mu dawo ina baza labari a tasha kamar ni na ƙera injin.

Ranar da abin ya faru ɗinki ya riƙe ni. Umaru ya ɗauki wasu manoman albasa biyu daga Danchadi, Malam Isa da ƙanensa Garba, za su kasuwar Shagari. Wata motar Shagari ta wuce shi tana masa oda, shi kuma ya ƙi haƙura. Tayar gaba ta fashe kafin su shiga gari. Babu wanda ya fita da rai cikin su ukun.

To, ku dubi abin da muka mayar da wannan musiba. Yau samari na shiga gareji su ce a yi musu "ɗaurin Umaru". Suna rubuta sunansa a gilashin baya, suna ɗaukar gudunsu a waya suna turawa juna. Wa ya taɓa rubuta sunan Malam Isa a bayan mota? Mutanen nan kuɗin mota suka biya, ba su shiga gasa da kowa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙaryar mintocin. Duk shekara sai an zaftare wani abu daga lokacin da aka ce Umaru ya yi, har ya kai adadin da babu motar da za ta yi shi a wannan hanya mai shanu da babura. Yaran mutane na bin lokacin da shi kansa mai sunan bai taɓa yi ba.

Da zai dawo ya gani fa? Ina so in ce zai ɗauki filaya ya bi motocin nan yana tsinke wayoyin. Amma na san mutumina. Ina tsoron sai ya fara tsayawa ya saurari kukan injin yana murmushi.

Watan jiya ɗansa Bashiru ya zo shagona. Ya zama direba, kuma mahaifiyarsa ba ta da wani ɗa namiji sai shi. Tun da ya faka na ji fiton turbo, na san an ɗaure. A tasha ana zuga shi wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Baba, kai ka riƙon agogo. Don Allah hwaɗa min gaskiya, minti nawa mahaihina yay yi?"

Na ce, "Mi za ka yi da shi?"

Ya sunkuyar da kai. Na gane cewa ko wane adadi na faɗa, gobe zai fita neman ya karya shi. Sai na ce, "Wanga lissahi da shi za a binne ni. Amma riƙe sunaye biyu: Isa da Garba. Ka tai Danchadi ka ga ɗiyansu, kana ka dawo ka tambaye ni."

Bai dawo ba, kuma an ce mini wayar na nan a injinsa.

Umaru ya bar hannu mai kyau: injinan ban-ruwa da ya gyara wa masu fadama kyauta, wasu har yau suna aiki. Ba wanda ke kiran waɗannan da sunansa. Abin da ya ɗauki sunan shi ne guntuwar waya. Ni kuwa duk lokacin da mota ta wuce gaban shagona tana fito, ƙafata kan tsaya a kan keken ɗinki, ba na ci gaba sai na ji ƙarar ta ɓace lafiya.