Bambar da Baba Ya Zaɓo a Ƙofar Ruwa

Tashi daga gida

Ladan bai ko yi gyaran murya ba muka tayar da mota. Baba ne ya kafa wannan sharaɗi: in dai zai bi ni Kano, to a fita tun da duhu, kada idon kowa ya sauka a kansa. Sallar asuba ma sai a Makoɗa, in ji shi. Inna ta miƙo mana ƙullin dafaffiyar gyaɗa ta taga, ta raɗa mini, "Nasiru, ka lallaɓa shi, don Allah."

Mutanen gida sun san dalili, amma bari in faɗa saboda baƙo. Mahaifina direba ne tun kafin a haife ni, har sunan ya bi shi, kowa Alhaji Direba yake ce masa. Farar a-kori-kurarsa ita ke kai gyaɗar ƙauyenmu kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti. A farkon daminar nan, ranar wata Juma'a, ana saukowa daga masallaci ya juyo zai ajiye ta a ƙofar gida, sai motar ta rungumi darbejiyar da ya shuka da hannunsa. Yanar ido ce, ya daɗe yana ɓoye mana. Ba wanda ya ji ciwo, amma bambar gaban motar ta lanƙwashe ta faɗi a idon jama'a. Malam Inuwa, taubashinsa kuma amininsa, ya ɗaga murya ya ce, "Direba, bishiyar ce ta tsallako maka?" Aka kwashe da dariya.

Baba ya juya. Ya shige gida, ya aiko mini da makulli ta hannun Inna, shi ke nan. Damina guda bai ƙara zama a ƙofar gida ba, in an yi sallama da shi ya ce a ce yana barci. Ya rame, abinci sai an yi da gaske. Wallahi na tsorata, don na ga yadda zaman ɗaki ke cinye tsoho.

Ni malamin firamare ne, dabarar fito da mai ƙin fitowa ba baƙuwata ba ce. Na tsaya daidai tagarsa ina nuna wa Inna hoto a waya, na buɗe murya: "Kin ga bambar da zan sayo wa motar, ta roba ce, sai ƙyalli." Labule ya motsa. "Roba? A gaban motata? Kai Nasiru, kana da hankali kuwa?" Abin da ya fito da shi ke nan.

Makoɗa zuwa Kwanar Dumawa

Muka bi burji a hankali, gero ya fitar da kai hagu da dama har yana shafar madubi. A Makoɗa muka yi asuba, Baba ya ja rawani ya rufe rabin fuska. Mai shayin bakin tasha ya haɗa mana kauri biyu da burodi, Baba ya kurɓi nasa a cikin mota.

Da muka hau kwalta gari ya waye, bakinsa ma ya buɗe. Ba hira ba fa, gyara.

"Sa giya ta uku. Kana jin tana kuka kana ƙyale ta?"

"To, Baba."

"Ɗaga ƙafarka daga kuloci, ba matashin kai ba ne. Wa ya koya maka tuƙi?"

"Kai ne, Baba."

"Ƙarya kake, ban koya maka wannan ba."

Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Rabon da Baba ya yi mini faɗa tun kafin shuka, har da gangan na riƙa jinkirta giya don ya ƙara.

Kafin Kwanar Dumawa muka tarar da shingen jami'an hanya. Wani dogo ya duba takardu, ya zagaya gaba, ya tsaya yana kallon lagireto a fili. Ya ce, "Alhaji, ina haƙoran motar?" Na ce a raina yau an tono. Sai Baba ya ce, "Wajen likitan haƙorin za mu, yallaɓai." Jami'in ya yi dariya har da buga bodi, ya ce Allah ya ba ta lafiya. Na saci kallon Baba, na ga rawanin ya sauka zuwa haɓa.

Kasuwar Ƙofar Ruwa

Hantsi ya ɗaga muka ratsa Bacirawa, muka kutsa cunkoson 'yan adaidaita har Ƙofar Ruwa. Kai, wanda bai taɓa shiga layin kayan mota ba bai ga ƙarfe ba! Ƙofofi a jingine, injuna a tule, ga ƙarar guduma ta ko'ina. Aka nuna mana rumfar wani Sadiƙu, matashi mai fara'a, wanda ba ya sayar da komai sai bamba ta a-kori-kura. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya sa aka shimfiɗo su a jere a kan bulo.

Ya fara da ta baƙin ƙarfe, sai da mutum biyu suka ciccibo ta. Sannan ya ɗauko wata fara da hannunsa shi kaɗai, ya ajiye.

"Baba, wannan alminiyam ce, ita ake yayi yanzu. Ba nauyi, ba ta danne sifirin ɗin gaba, ba ta tsatsa."

Baba ya ƙwanƙwasa ta da zobensa, ya taɓe baki. "Goran ruwa dai. Ƙarfen tukunyar miya za ka ɗaura wa motata?"

"Taɓa kaurinta ka ji, Baba. Ba irin na tukunya ba ne."

"In ta tsage, mai waldar garinmu zai iya ɗinke ta?"

Sadiƙu ya sosa ƙeya. "Gaskiya ba zai iya ba, sai an kawo ta nan birni. Waldarta daban ce."

"Madalla da ka faɗi gaskiya. In na kafe a yashi fa, aka kawo shanu za su ja ni, a ina zan ɗaura igiya?"

Sadiƙu ya kwanta a ƙasa ya nuna masa ƙugiyoyi biyu na baƙin ƙarfe, ya ce waɗannan da jikin ƙashin motar ake ɗaure su, ja ba ya taɓa bambar. Baba ya laluba da hannu tunda ido ba ya ba shi, ya gyaɗa kai. Na lura da kalmar da ya yi, "in na kafe", na dai haɗiye abina.

Daga nan sai Baba ya yi abin da ya tara mana jama'a. Ya tattare babbar rigarsa, ya juya, ya zauna daram a kan ta baƙin ƙarfen. Bai daɗe ba ya zabura, don ta sha rana tun safe. Da ya juya, ga jan layin tsatsa a bayan farar shaddarsa. Ya ce, "Af! Shekara nawa uwarku tana yi mini faɗa a kan wannan layin." Ya matsa kan wata ta alminiyam mai zagayayyen baki, ya zame, sai da na tare shi. Ta uku tana da dogayen ƙarafa a tsaye kamar ƙaho, ya jingina, suka soke shi a gadon baya, ya ce wannan ta 'yan farauta ce.

Sadiƙu ya matso kusa da ni. "Malam, lafiya kuwa? Mota za a sa wa ko falo?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Tun ina yaro, majalisar ƙofar gidanmu ba ta da benci. In Baba ya dawo aiki ya ajiye mota a gindin darbejiya, gaban motar ne wurin zaman manya: shi a tsakiya, liman a dama, Malam Inuwa a hagu, sauran jama'a a tabarma. Mu duk mun ɗauka kunya ce kaɗai ta hana shi fita, ashe har da wurin zamansa ne ya faɗi a ranar.

Ta huɗu ma ta alminiyam ce, shimfiɗaɗɗiya, samanta da faɗi, an yi masa zane mai kaushi don kada a zame. Baba ya sa aka ja ta inuwa, ya jira kaɗan, ya taɓa, ya ji har ta huce. Ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya yi ajiyar zuciya.

"Sadiƙu, zo zauna nan dama, kai ne liman. Nasiru, dawo hagu."

Muka zauna, 'yan kasuwa suna ta dariya, wani har yana ɗaukar mu a waya.

"Kai Nasiru, ba ka kai Inuwa faɗi ba. Buɗe gwiwa. Ƙara. Mutumin nan tumbi gare shi kamar randa." Na buɗe har na kusa faɗuwa. Ya duba ragowar wurin, ya ce, "Yauwa, za ta ɗauke shi. Ita za a ɗaura."

Wannan ne karo na farko da sunan Malam Inuwa ya fito daga bakinsa tun ranar Juma'ar nan. Na juya kamar ina duba taya, don idona ya kawo ruwa.

Ciniki kuwa Baba ne ya yi abinsa. Ya taya, Sadiƙu ya ce albarka, Baba ya miƙe kamar zai tafi har sau biyu, ƙarshe Sadiƙu ya sallama, ya ƙara mana da notuna, ya ce tunda yake sana'ar nan bai taɓa sayar da bamba da gwajin zama ba.

Kwana a Bacirawa

Bakanike ya gwada, ramukan notin ba su hau daidai ba saboda karon ya ɗan karkatar da ƙarfen gaba, sai an miƙar an sake huda. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Ya ce mu dawo da safe. Muka bar motar, muka hau adaidaita zuwa Bacirawa gidan yayata Bilki.

Yaya Bilki ta ga Baba a tsakar gidanta ta saki muciya, ta rasa gaisuwa za ta yi ko kuka. Ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, Baba ya cinye malmala biyu ya nemi ƙari. Mijinta ya kawo maganar asibitin ido, ya ce aikin yana ba wuya yanzu, maƙwabcinsa ma an yi masa. Na zaci Baba zai hau faɗa, sai ya ce, "Bayan an cire gyaɗa, ku kai ni." Yaya Bilki ta dube ni, na dube ta.

Komawa

Da safe muka tarar an ɗaure ta tsaf, tana ɗaukar ido. Baba ya kama ta ya jijjiga da ƙarfinsa, ko motsi. Ni a lissafina za mu yi ta jan ƙafa a birni har magariba, mu shiga gari da duhu yadda muka fito. Ina shirin cewa mu leƙa kasuwar hatsi, sai ya ce, "Wace kasuwa? Taka ta, kada la'asar ta wuce mu a hanya."

A shingen jiya muka sake samun dogon jami'in nan, ya ɗaga mana babban yatsa ya ce, "An sa haƙoran azurfa ke nan!" A Makoɗa Baba ya sauka da kansa ya sayi tsire mai yawa, ya gaisa da direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya. Faɗan giya kuwa bai fasa ba har muka sauka kan burji.

Muka shigo gari ana fitowa daga sallar la'asar. Na nufi lungun baya, ya ce, "Ina za ka? Bi ta gaban masallaci, ka danna hon." Na danna, jama'a suka waiwayo. Na ajiye ta a inuwar ƙofar gida, Baba ya sauko, ya kakkaɓe riga, ya zauna a tsakiyar sabuwar bambarsa. Liman ya ƙaraso da murna ya zauna a dama. Malam Inuwa kuwa ya toge daga nesa, yana murza carbi, ya kasa matsowa. Ashe shi ma daminar nan ba ta yi masa daɗi ba, duk ya zube.

Baba ya daki gefen hagu da tafin hannu. "Inuwa, tsayuwar me kake? Da kai na auna ta. Amma na ga tumbin ya tafi, na yi asarar faɗi."

Malam Inuwa ya zo ya zauna, ya kama hannun Baba ya riƙe. Baba ya ce, "Kai, sakar mini hannu, tsire zan raba." Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Jama'a, na ajiye tuƙi. Ga direbanku nan, bai iya sa giya ba, amma ku yi haƙuri da shi. Sharaɗina ɗaya: duk inda ya kai ta, la'asar ta yi mata a nan."

Na shiga gida na tarar da Inna a zaure, a bayan ƙofa, ta kasa kunne. Ta goge ido da bakin mayafi, ta harare ni. "Kun ja mini aiki. Na mutum biyu na dafa, yanzu ga majalisa ta cika. Maza ɗebo mini itace."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Yaya Bilki da maigidanta, da Sadiƙu da ya yarda ya zama liman na ɗan lokaci. Masu neman a kai musu kaya kuwa, ina roƙonku ku riƙa yi mini magana tun da safe, don da rana ta karkata sai na juyo gida, Baba yana ƙofa yana jira.