Kallon Makiyayi a Cikin Jirgin Sama

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar maigidana, wanda mutanen Bauchi suka sani da Kyaftin Buba, ni kuwa Malam nake ce masa. Ban iya rubutu ba. Jikarmu Hajara ce riƙe da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa, in kuka ya zo mini ta jira. Ita ce ta samu gurbin koyon tuƙin jirgin sama, ubanta ya ce babu inda za ta sai na amince. Tun azumi nake ja mata rai.

Malam ɗan kawuna ne. A ruga ɗaya muka tashi wajen Gubi, shi aka kai makaranta, ni na zauna wajen ƙwarya. Da ya zama matuƙi na ɗauka hadari da tsawa ne abin tsoronsa. Ya ce a'a, ranar da sama ta yi garau ita ya fi shakka, don ranar kowa ke fitowa, ido kuma ya saki jiki. Na ce, "Malam, duk faɗin saman nan, ta ina jirgi zai samu ɗan'uwansa har su yi karo?" Ya ce, "Ke da kika yi kiwo? A ina shanunku ke ture juna, ba a mashaya ba? To, filin sauka shi ne mashayarmu."

Wata rana ya dawo da hantsi, ya zauna a tabarma ko takalmi bai cire ba, furar da na dama har ta tsinke. Bayan azahar ya ba ni labari. Ya ce suna gangarowa za su sauka, sai wani ƙaramin jirgi ya gilma ta gabansu, kusa har ya ga kan mutumin da ke ciki. Da farko ɗigo ne kamar ƙuda a jikin gilashi. Ya ce wanda ke motsi wucewa zai yi, wanda ya tsaya cak yana girma shi ne ke zuwa kanka. Abin da ya sa ya gan shi da wuri, bayan ikon Allah, kallon makiyayi ne: ba a share garke da ido gaba ɗaya, ana tsayar da ido nan, a ɗan dakata, sannan a matsa gaba.

Na roƙe shi ya bar aikin. Washegari ya sa hularsa ya tafi. Daga nan ko ƙugin jirgi na ji sai na saki muciya na fito tsakar gida. Ashe a ɗakina na unguwar Gwallaga za a karɓi ransa, bayan jinyar ciki, kansa a cinyata.

Hajara ta ce yanzu akwai na'urar da ke gargaɗin matuƙi in wani jirgi ya matso. Da Malam yana nan zai yi murna, na sani. Sannan ya ga masu keke a unguwarmu, hannu a kan sitiyari ido a waya, ya juyo ya tambaye ta ko ita ma haka za ta yi wa sama. Ba zai hana ta ba. Bai taɓa raina hatsarin nan ba, bai kuma bari ya zaunar da shi a gida ba. Abin da ya rage mini nasa ke nan, don shanun sun ƙare, rigunan an rabar. Shi tsoronsa buɗe masa ido ya yi. Nawa cinye mini shekarun da yake raye ya yi, ba na so ya ci na yarinyar nan.

Yanzu ta ɗago kai. "Dada, sai me kuma?"

Na ce ta rubuta: na yarda, ta je.

"Dada, sake faɗa."

"Da wannan kunnen za ki tuƙa jirgin mutane? Na ce ki je."

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa kabarinsa ya fi saman da ya sani faɗi. Sauran addu'ar a zuci zan yi, mai rubutun ta jiƙa takardar.