Fitsarin da Aka Ɗora wa Bunsuru

Shekarar da auduga ta yi wa maigidana kyau, bai sayi keke ba, bai gyara rumbu ba, sai ya tafi kasuwar Funtua ya dawo Tsiga da kafet ja mai zanen furanni. Aka shimfiɗa shi a ɗakin Malam. Daga ranar kafet ya zama babban mutum a gidanmu. Ba a taka shi sai an wanke ƙafa, ni da nake share shi ma da lallaɓawa nake yi. A kansa Malam yake nafila da lazimi.

Ina da kyanwa fara da na taso da ita daga gidan iyayena. Ina sonta ƙwarai, don ita ce ta ɗebe mini kewa farkon zuwana garin da ban san kowa ba. Malam kuwa haƙuri kawai yake yi da ita saboda ɓeraye, kuma ya sha faɗa cewa ranar da ta yi masa ɓarna, a buhu za a sa ta a bai wa direban Danja ya yar da ita a hanya.

Wata safiya yana gona na shiga shara, zarni ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Duk faɗin tsakar gidanmu da yashinsa, kyanwar nan ba ta ga wurin da ya dace da ita ba sai tsakiyar furen kafet.

Na wanke da sabulun salo, na goga toka, na shanya a kan danga. Ya bushe, zarni yana nan. Na ruga wurin maƙwabciyarmu, wata Bayarabiya mai sayar da sabulu, ta ce in jiƙa kanwa in matse lemun tsami a kai. Na yi. Furen ya koɗe ya koma kalar kunu, warin kuma ya samu abokin tafiya. Na turara ɗakin har sai da idona ya yi ja.

Malam yana shiga ya tsaya ya ja hanci. Ya tambayi wanda ya yi aikin. Ni kuwa na ɗan taɓa karatu, na san fitsarin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, na kyanwa ne najasa. Sai na ga ai ga hanyar da kowa zai tsira. Na ce ɗan bunsuruna ne ya kutsa, wanda nake kiwo cikin 'yan awakina tun yana shan nono.

Malam ya yi hamdala, ya ce to sallarsa lafiya lau. Har na fara yaba wa kaina wayo, sai ya ƙara da cewa dabbar da ta koyi shiga ɗaki ba ta dainawa. Kafin la'asar an feɗe bunsuru.

Na dafa shi da hannuna, ina kuka ina cewa hayaƙi ne. Malam ya ci ya yi santi, aka kai wa Bayarabiya nata kason. Kyanwa ta samu hanji da huhu, ta ci ta miƙe a inuwar rumbu tana lasar hannu, ko kallona ba ta yi ba. Ban taɓa jin haushin wata halitta kamar ranar ba, amma dai ta tsira, na ce shi ke nan.

Kwana shida tsakani ta koma kan furen nan da ya koɗe ta sake. Wannan karon Malam ne ya riga ni shiga. Na same shi tsugune yana duban wurin da ya jiƙe. Sannan ya ɗago ya dube ni a hankali.

"Ke," ya ce, "awaki nawa suka rage miki?"