Gaisuwar da Muka Shirya wa Kaka

Shekarun baya, wata ranar Juma'a bayan la'asar, muna zaune a falon ɗana da ke Bin Omran, ni da shi da matarsa, muka yanke shawarar kai jikana hutu gida Zariya. Ziyara ce ta kawo ni Doha, annoba ta rufe hanya ta tsare ni. Yaron yana da lalurar da ake kira galahanga, kalmar da ban taɓa so ba. Ba ya haɗa ido da mutum, hayaniya tana firgita shi, kuma ba ya karɓar abin da bai saba da shi ba. A Doha aka haife shi. Kakarsa, wato matata, ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, ba ta taɓa riƙe hannunsa ba. Ta waya take tsokanarsa: "Angona, yaushe za ka zo? Ko Larabawa sun ƙwace mini kai?" Shi kuwa yana can yana jera murafen kwalba.

Ni tsohon hedimasta ne, kuma a makarantar mishan aka koya mini cewa babu abin da maimaici ba ya gyarawa. Na jera kujeru biyu-biyu, na ce wannan jirgi ne. Surukata ta zama mai rabon abinci, ɗana yana kunna injin shara domin yaron ya saba da ƙara. "Baba, har fasfo za ka duba mana?" in ji shi. Na ce ƙwarai kuwa, kuma ya gyara zamansa.

Darasi na ƙarshe shi ne gaisuwa, domin jikana ba zai shiga ɗakin kakarsa a tsaye ba. Na ajiye kujera babu kowa a kanta, na ce wannan ita ce Kaka. Zai cire takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Kaka, ina wuni? Mun same ku lafiya?" Ni kuma in siranta murya daga bayansa in amsa, "Lafiya lau, angona." Sai ya ji amsar yake tashi. Watanni muka yi kafin ya haɗa kalmomin.

Da aka buɗe hanya, gwajin annobar da ake yi ta hanci ne ya kayar da mu. Yana ganin ma'aikaciyar asibiti ta rufe fuska, da tsinken auduga a hannu, ya ƙwalla ihu ya shige ƙarƙashin benci. Surukata ta ce, "Baba, khalas, ya isa haka, a ƙyale shi." Na koma gida ni kaɗai.

Shekarar gasar kofin duniya, da aka sassauta dokar gwaji, matata ta ce, "Malam, koma ka ɗauko mini angona. Taurin kanka ya yi amfani ko sau ɗaya." Na dawo Doha. Sai kamfanin da ɗana ke yi wa tuƙi ya soke hutun kowa har a gama gasar. Ɗana ya ce mu tafi da yaron, ni da surukata. Amma gari ya cika da ganguna da ƙaho, filin jirgi babu masaka tsinke, kuma a duk atisayen da muka yi, kusa da ubansa yake zama. Ni na ce a jira. Har yau ina ganin hakan ne daidai ga yaron.

Ana dab da gama gasar aka kira mu cewa matata ta rasu. An kai ta makwancinta kafin in sami jirgi.

Bayan gasar muka tafi gaba ɗaya. A jirgi bai yi kuka ko sau ɗaya ba. Da muka isa gida, aka buɗe ɗakinta, kujerarta tana nan inda take. Babu wanda ya ce masa komai. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwarsa babu kuskure. Sa'an nan ya tsaya a durƙushe, yana jira.

Ɗana ya taɓa kafaɗata. "Baba, ka amsa masa. Ba zai tashi ba."

Na yi shekaru ina koyar da yara tsayar da murya a gaban jama'a. A ranar, tawa muryar ta ƙi tsayuwa, amma na amsa.

Har yau ina mamakin yadda na shirya komai, har da kujerar da babu kowa a kanta, ban san ainihin abin da zai tarar nake koya masa ba. Ya yi tafiyar, ya yi gaisuwar. Kakarsa ba ta gan shi ba.