Mai Sasanta Tagwayen Faifai

Na zo shagon mai hoto karɓar hotunan bikin kammala karatun 'yata, ga wata mata durƙushe gaban kwamfuta, tabarau a goshi, gyale ɗaure a ƙugu, sukundireba a hannu. Mai gyara ce. Kwamfutar tana da faifan ajiya biyu, duk abin da ya shiga ɗaya sai ya shiga ɗayan. Tun da aka kashe ta aka sake kunnawa take ƙorafin girmansu bai zo ɗaya ba, ta ƙi buɗe komai. Hotunanmu kuwa suna ciki.

Mai shagon yana ta zufa. Ya miƙa yatsa zai danna inda aka rubuta gyara, matar ta buge masa hannu.

"Haba Malam! Ba ka ji ta bakin kowa ba za ka yanke hukunci? In ta shafe faifan da ke da gaskiya fa?"

Ta zare faifai ɗaya, ta kunna ɗayan shi kaɗai. Tana kwashe hotunan gefe tana yi wa faifan magana ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashi. Can sai ta kwashe da dariya. Ashe sabon faifan da mai shagon ya saka bai kai tsohon girma ba, ko da yake girma ɗaya aka rubuta a jikinsu.

Raina yana ba ni a gida ta koyo wannan haƙurin. Wayarta ta yi ƙara, tana ɗauka muryoyin yaranta biyu suka ɓarke da kuka lokaci guda.

"Ɗaya bayan ɗaya," in ji ta, tana mayar da murfin kwamfutar. "Wa ya fara?"