Anacleto Mai Washin Wuƙa da Takobin Mai Kemis

Shekara arba'in da wani abu Anacleto Ojeda ya yi yana zaga garinmu a kan keke, da dutsen washi ɗaure a gaba, da usur a baki. Ni tela ce, duk almakashina shi ke wasa min. Bai iya karatu ba sai da ya haura hamsin, shi ma don matarsa Brígida ta gaji da karanta masa sakamakon ƙwallo ne. Amma ƙarfe kam, in ya ɗan ƙwanƙwasa shi da farce ya kara a kunne, sai ya gaya maka ko na kirki ne ko gwangwani.

Shagona na jikin kemis ɗin Don Fulgencio Arrúa, mutumin da ya fi son tsofaffin takubba fiye da sayar da magani. Yana da goma sha ɗaya a bango, kowanne da 'yar takardarsa: maƙerinsa, shekararsa, yaƙin da ya gani. Wata rana ya samo na goma sha biyu a kasuwar birnin Corrientes, takobin sojan doki mai lanƙwasa, ba kube, ba suna, ba tambari. Ya duba da gilashi, ya auna, ya aika hotuna har Buenos Aires, ba wanda ya ce masa komai. Shi dai ya riga ya yanke a ransa cewa na wani janar ne.

Ran nan Anacleto ya tsaya karɓar almakashina, sai ya leƙa kemis.

"Kai! Wa ya kawo ka nan, tsoho?" Da takobin yake magana.

Don Fulgencio ya zabura. "Ka san shi?"

"Haba, maigida. Na marigayiya Doña Eulalia ne, ta bayan maƙabarta. Da shi take fasa kabewa. Shekara ashirin ina wasa mata shi."

"Kabewa," in ji Don Fulgencio a hankali. Ya nemi kujera. "To, babu rubutu a jikinsa?"

"Da akwai mana, nan kusa da mariƙi. Ni na goge shi. Ta ce datti na maƙalewa a ciki. Wuni guda na yi a kai, ka ga ko alama babu." Ya shafa wurin yana murmushi, yana jiran a yaba masa.

Sai da na kawo wa Don Fulgencio ruwa.

"Me aka rubuta, bawan Allah?" in ji shi bayan ya sha.

"Lokacin ai ban iya karatu ba. Amma akwai wani ɗan zane."

Washegari Don Fulgencio ya fito da wani ƙaton littafi mai tambarin maƙera, ya dafa mate, shayin ganyen da muke sha, ya sayo chipá, burodin rogo, mai zafi, ya zaunar da Anacleto. Haka suka riƙa yi kullum da hantsi. Anacleto ya kurɓi mate, ya ƙura wa shafi ido, ya ce, "Kamar tsuntsu ne." Gobe ya ce, "A'a, ya fi kama da buta." Ran da chipá ya zo da cuku da yawa har kambin sarauta ya tuno. Sati uku, wuƙaƙen gari duk suka dakushe, mahauci na zagi.

Brígida ce ta kawo ƙarshen abin. Ta shigo kemis da zanen girki a ƙugu.

"Don Fulgencio, wannan mutumin ranar aurensa ma bai sani ba, shi za ka tambaya game da zanen shekara talatin? Ya daina cin abincina, ga tumbi ya ajiye. In kuben kuke nema, yana gidan 'yar Eulalia, da shi take tokare ƙofar akurkin kaji."

Anacleto ya ce, "Ai da ma yau nake shirin tunawa da shi."

Muka ɗunguma har da ni, na bar ɗinki. Kuben na nan, ya sha kashin kaji. Don Fulgencio ya durƙusa da farin wandonsa ya kankare shi da hankici, sai ga lamba da haruffa sun fito. Takobin ya shige ciki daidai. Na 'yan sandan doki ne na garin da ke gaba da mu. 'Yar Eulalia ta ce kakanta ne ya riƙe shi, kuma iyakar yaƙin da ya taɓa yi shi ne korar shanu daga filin coci.

Aka kwana biyu. A na uku Don Fulgencio ya rataye takobin da kubensa, ya rubuta gaskiya a takardar, har da kabewar. Ita ce kuma kawai baƙi ke tsayawa su karanta.

Anacleto ya koma kan kekensa, ya ƙara shekara tara yana aiki kafin gwiwa ta hana shi. Har ya bar sana'a yana roƙon a bar shi ya ɗan gyara bakin sauran goma sha ɗayan. Don Fulgencio ya sa musu gilashi da kwaɗo.